Klingon: ƙabilar da aka ƙirƙira a talabijin har ta samu harshenta

Yau tarihin da muka ɗauko na wata ƙabila ne da ba ta da ko gari ɗaya a doron ƙasa, wato Klingon.

A 1966 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna Star Trek, shirin Gene Roddenberry kan matafiya cikin kumbo a sararin samaniya. A 1967 marubuci Gene Coon ya shigo da Klingon, mayaƙa daga wata duniya. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma Tarayyar Sobiyet ake yi wa habaici. Kuɗin shirin kaɗan ne, sai aka shafa wa ƴan wasa kwalliya mai duhu, aka liƙa musu gemu. Kun dai ga irin fuskar da aka zaɓa wa mugu.

Goshinsu mai tudu-tudu sai a fim ɗin 1979 ya bayyana. A 1987, da gabar ƙasashen biyu ta fara sanyi, sai ga Worf, wanda Michael Dorn ya fito a matsayinsa, ɗan Klingon yana aiki cikin kumbon abokan gabar jiya.

Abin mamakin shi ne harshe. Masanin harsuna Marc Okrand ya tsara musu nahawu saboda fim ɗin 1984, ya fitar da ƙamus a 1985. Masoyan shirin suka duƙufa koyo, har suka fassara Hamlet na Shakespeare.

To jama'a, harshen da babu uwar da ta shayar da ɗa da shi ya samu marubuta. Mu fa, da muka sha namu a nono, me muka rubuta a makon nan?