Ladubban Addu'a a Wurin Kiristocin Kartaj na Dā

A gaɓar Bahar Rum, daf da inda birnin Tunis yake a yau, akwai kufan Kartaj, wanda a ƙarni na uku na Miladiyya shi ne cibiyar ikkilisiyar Afirka ta Arewa, kuma a can ne aka fara rubuta sharhin Addu'ar Ubangiji da Latinanci, watau addu'ar nan da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, wadda Matiyu da Luka suka ruwaito a cikin Linjila. Wanda ya yi wannan sharhi, wajen shekara ta 200, shi ne Tartuliyan, malami mai kaifin alƙalami, kuma daga risalarsa ne muka san cewa jama'arsa suna addu'a a tsaye da hannuwa a shimfiɗe, suna kiyaye sa'a ta uku da ta shida da ta tara ta yini, ba sa kuma durƙusawa ranar Lahadi saboda murnar tashin Almasihu. Ya hana ɗaga murya, ya kuma gargaɗi mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci da ya fara neman sulhu kafin ya ɗaga hannu.

Amma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Sifiriyan, masanin balaga kuma mai dukiya, wanda ya karɓi baftisma yana babban mutum, aka naɗa shi bishop na Kartaj wajen 249, bai ko gama zama a kujerarsa ba sai Sarki Desiyus ya ba da umarni, a 250, cewa kowa a daular Rum ya miƙa hadaya ga gumaka. Sifiriyan ya ɓuya yana tafiyar da jama'arsa ta wasiƙu, abin da ya jawo masa zargi mai zafi, kuma da ƙyar wannan fitina ta lafa sai annoba ta faɗa wa birnin, har mutane suna yar da majinyatansu a kan hanya don tsoro. A cikin wannan ƙunci ne ya rubuta nasa sharhin, inda ya kai ga mas'alar da ta fi kowace wuya, watau roƙon da ake yi cewa nufin Allah ya tabbata. Fahimtarsa ita ce babu mahalukin da zai hana Allah aikata abin da ya so, saboda haka abin da bawa yake nema a nan shi ne a ba shi ikon aikata abin da Allah yake so, alhali son zuciya da Shaiɗan suna jan sa zuwa wani wajen. Da ya ga waɗansu suna kuka da cewa cutar ba ta bambanta mai bi da marar bi, sai ya rubuta musu wata risala a kan mutuwa, ya nuna musu tufka da warwarar da ke cikin mutum ya roƙi nufin Allah kullum safiya, sa'an nan ya yi ta turjiya idan kiran ya zo. A ganina abin da ya ba wannan magana nauyi shi ne taslimin da ya karantar bai zama hujjar naɗe hannu ba, domin shi ne kuma ya tara jama'arsa ya umarce su da jinyar marasa lafiya, har da maƙwabtansu masu bautar gumaka.

Jarrabawa ta dawo a zamanin Sarki Baleriyan. Aka kori Sifiriyan daga birnin a 257, kuma a shekara mai zuwa, ko da yake abokansa sun ba shi shawarar gudu, ya ƙi. Da aka karanta masa hukuncin kisa ranar 14 ga Satumba, 258, godiya ga Allah kaɗai ya yi, ya kuma sa a ba haunin zinariya 25.

Bayan shekara ɗari da hamsin da ɗoriya, Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya gaji wannan tafarki. Wata attajira gwauruwa mai suna Proba, wadda ta tsere zuwa Afirka bayan an ci birnin Rum a 410, ta tambaye shi yadda ake addu'a, shi kuwa ya amsa mata da cewa Allah ba ya bukatar a sanar da shi bukatunmu, amfanin roƙo shi ne ya faɗaɗa zuciya har ta iya ɗaukar abin da za a ba ta. Ya kafa hujja da Manzo Bulus, wanda ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. A ikkilisiyarsa ba a sakin wannan addu'a ga kowa da wuri: masu neman baftisma sukan fara haddace aƙidar bangaskiya, sa'an nan a ba su Addu'ar Ubangiji tare da sharhinta, a ɗiba musu kwana takwas su dawo su biya ta da ka a gaban bishop.