Ladan Ma'aikatan Sito: Jiya da Yau

Sito wuri ne da ake ajiye kaya kafin su isa kasuwa. Cikin kuɗin da mai sito ke kashewa, ladan ma'aikata yana cikin mafi girma: 'yan dako masu lodi da saukewa, akawu mai ƙirga, da mai gadi.

A Littafi Mai Tsarki

Farawa 41 ta nuna yadda Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a biranen Masar. Amma Fitowa 1:11 ta nuna wani Fir'auna ya sa Isra'ilawa suka gina masa biranen ajiya, Fitom da Ramases, da aikin tilas. Saboda haka da Ubangiji ya ba su shari'a, ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki (Littafin Firistoci 19:13, Maimaitawar Shari'a 24:14-15).

Zamanin hannu da ka

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, leburori ne suka jera ta buhu bisa buhu da ƙarfin jikinsu. A lokacin, duk kayan da zai motsa sai mutum ya ɗauka, don haka aiki na bukatar hannuwa da yawa a kan lada kaɗan.

Zuwan na'ura

A ƙasashen Turai da Amurka, motar ɗaga kaya ta yaɗu tun daga yaƙin duniya na biyu. A 1956 kuma Malcom McLean ya fara jigilar kaya cikin kwantena a Amurka. Lodin tan ɗaya a jirgin ruwa, wanda ke cin sama da dala 5 da hannu, ya dawo kimanin senti 16. Kuɗin aiki a kan kowane kaya ya faɗi, ma'aikata suka ragu, waɗanda suka rage kuma sai masu iya sarrafa na'ura.

A Nijeriya

Albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa ya kasance naira 125 a 1981, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, sannan naira 70,000 a 2024. Lambar tana hawa, amma tsadar abinci da mota tana cinye ƙarin. Bugu da ƙari, dokar 2019 ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Ke nan ɗan dako a kasuwar hatsi irin ta Dawanau, wanda ake biya a kan kowane buhu, ba shi cikin inuwarta. Ranar da mota ba ta zo ba, ko bayansa ya riƙe, babu lada.

Abin koyo ga masu bi

Inda doka ba ta kai ba, Maganar Allah ta kai. Yakubu 5:4 ta gargaɗe mu cewa ladan da aka danne yana kuka, Ubangiji kuwa yana ji. Mai bi da ke da sito, ko ikkilisiya mai ajiye hatsin zakka da taki, a daidaita kuɗin buhu kafin a fara aiki, a biya a ranar, a ƙara idan farashin masara ya tashi. Ɗan dako kuma ya riƙe amana, kada ya huda buhu.