Maganin Farin da Ya Daɗe a Ƙasar Adar

Farin dango ba baƙi ba ne a Adar. Daga Tamesna suke tasowa, can arewa da Tasara da Tiliya, inda ɗan ruwan damina ya ishe su zuba ƙwai cikin rairayi. Iska na juyowa, sai gonakin hatsin Tawa da Keita. Manoman dā rami suke haƙawa su kora ƴaƴan fari a ciki su binne, a buga gwangwani, a tada hayaƙi. Waɗanda aka kama kuwa a soye su.

A 1965 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta OCLALAV, mai cibiya a Dakar. Babban makaminta maganin dieldrin ne, kuma don daɗewarsa aka so shi: a fesa layi-layi a kan ciyawa, ƴaƴan farin da suka ratsa bayan makonni su ci su mutu.

Sai dai maganin bai zauna inda aka zuba shi ba. Zafin rana kan ɗauke wani kaso ya bi iska, ya sauka inda ya tarar da sanyi. Har a ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya an same shi. Wani kason ya manne wa ƙasa shekaru. Ruwa ba ya narkar da shi sosai, don haka idan malale ya kwashe shi zuwa tafki, laka yake kamawa. Maiƙo kuwa yana sonsa: kitsen akuya, nonon saniya, tsokar kifi. A ƙasar makiyaya irin Abalak, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma tanon maganin da ya ƙare, wanda kan koma na ɗiban ruwa.

Lokacin babbar annobar fari ta 1986 zuwa 1989, masu ba da agaji sun riga sun juya wa dieldrin baya. A 1991, da taimakon Amurka da Jamus, aka kwashe kimanin tan 60 daga Nijar aka kai Holan aka ƙone. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi cikin guba 12 na farko da aka ɗaura wa takunkumi.

Da farin suka dawo a 2004, magungunan da ke lalacewa cikin kwanaki aka fesa. Hatsi da ciyawa dai sun tafi, yunwar 2005 ta biyo baya, kuma Tawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.