Kifin Gatari na Teku da na Kogi: Siffa Ɗaya, Buƙata Daban

Akwai ƙananan kifaye iri biyu da ake kira kifin gatari, saboda ƙirjinsu mai faɗi da kaifi da kuma siririyar wutsiya kamar ƙota. Ɗaya yana zaune can cikin zurfin teku, ɗayan kuma a saman kogunan Kudancin Amurka. Duk wanda ya ga hotunansu a jere zai ɗauka ko dai 'yan uwa ne, ko kuma matsalar rayuwa ɗaya ce ta ba su siffa ɗaya. A ganina babu ɗaya daga cikin fahimtocin nan da ke da tushe.

Batun zumunci ba ya buƙatar dogon bayani. Na teku yana cikin dangin Sternoptychidae, nau'insa ya haura 40 a tekunan Atlantika, Fasifik da Indiya. Na kogi ɗan dangin Gasteropelecidae ne, nau'i 9 kacal, daga Panama zuwa kwarin Amazon da Orinoko da Parana. Hasali ma ya fi kusa da tsagen da masuntanmu ke kamawa a Neja da Binuwai, domin dukkansu rukunin Characiformes ne.

Inda magana take shi ne amfanin siffar. Kifin gatari na teku yana rayuwa tsakanin mita 50 zuwa 1,500, akasari a inda hasken rana ya rage ɗan shuɗi-shuɗi mai saukowa daga sama. Babu dutse, babu ciyawa, babu ramin ɓuya. Maƙiyin da ke ƙasa yana ɗaga ido ne yana neman inuwa. To, kifin ya matse jikinsa har ya zama siriri ƙwarai, don inuwar ta ƙanƙance. Gefunansa masu ƙyallin azurfa suna mayar da hasken da ke kewaye da shi, sai mai kallo daga gefe ya ga ruwa kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin gaɓoɓin haske da ke ƙarƙashin cikinsa: suna fitar da shuɗin haske zuwa ƙasa daidai da wanda ke saukowa, sai ragowar inuwar ta goge. Eric Denton da abokan aikinsa a Plymouth ta Ingila sun nuna cewa hatta kusurwar da hasken ke bazuwa ta dace da ta hasken teku. Jinsin Argyropelecus na wannan kifin teku, wanda Anastasio Cocco ya bayyana a Messina ta Italiya a 1829, yana da idanu masu kallon sama, yana farautar inuwar wasu da dabarar da shi ya kuɓuce mata.

Na kogi kuwa ba ɓuya ce ta faɗaɗa ƙirjinsa ba. Ƙashi ne babba a wurin, wanda ke riƙe da tsokar da ke kaɗa dogayen fikafikan ƙirji, tsokar da nauyinta kan kai kwatan nauyin jiki. Yana shawagi dab da saman ruwa, baki a sama, yana cin ƙwarin da suka faɗo. Da ya ji motsin maƙiyi sai ya yi tsalle ya bar ruwan. Shi ya sa masu kiwonsa a tankin gilashi ba sa barin tankin babu murfi. An daɗe ana rubuta cewa yana kaɗa fikafikai a iska yana tashi, amma binciken F. C. Wiest na 1995, da kyamara mai saurin ɗauka, ya nuna fikafikan cilla shi suke yi daga ruwa, ba tashi da shi ba.

Mai ja da ni zai ce ai dukkansu sama suke kallo, kuma daga sama abincinsu ke zuwa. Na yarda, kuma hakan ya bayyana ɗagaggen bakin da suke da shi. Sai dai bai bayyana ƙirjin ba, alhali ƙirjin ne ya sa aka haɗa su tun farko. Idan aka feɗe na teku, fitilu za a tarar jere a ƙarƙashin cikinsa; idan aka feɗe na kogi, ƙashi da tsoka ne cunkushe a wurin.