Fasinjan Da Orville Bai Yarda Da Shi Ba

'Yan uwa marubuta, duk mun san Wilbur da Orville Wright, wa da ƙanen da suka tashi da jirgin sama a 1903. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin sunan Laftanar Thomas Selfridge, mutum na farko da ya mutu a hatsarin jirgin sama mai inji.

Ranar 17 ga Satumba, 1908, Orville yana gwada jirginsa a barikin Fort Myer, kusa da Washinton, domin rundunar sojan Amurka na son saye. Cikin sharuɗɗan cinikin har da ɗaukar mutum biyu, sai Selfridge ya hau. A nan labarin ya fi jan hankalinmu, don Orville bai yarda da shi ba. Selfridge yana aiki da ƙungiyar Alexander Graham Bell, wadda ita ma ke ƙera jirage, saboda haka kallon ɗan leƙen asiri yake yi masa. Ga shi sun zauna kafaɗa da kafaɗa, babu rufi, babu hular kwano.

Sun yi 'yan zagaye kaɗan, sai farfela ɗaya ta tsage, ta bugi wayar da ke riƙe da jelar jirgin, jirgin ya yo ƙasa da ka. Ƙoƙon kan Selfridge ya fashe, ya cika a daren, yana ɗan shekara 26. Orville ya karye a cinya da haƙarƙari, ƙanwarsa Katharine ta bar aikin koyarwa ta zo jinya.

A 1909 Orville ya dawo filin ya ƙarasa gwajin, sojoji suka saya a kan dala 30,000. Selfridge kuwa yana maƙabartar Arlington, dab da inda jirgin ya faɗi.