TARIHI: Desmond Tutu, limamin cocin da bai sassauta wa kowace gwamnati ba

Desmond Mpilo Tutu, tsohon Akbishop na cocin Anglika a Cape Town, ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2021 yana da shekara 90. Ya shafe shekara 61 a aikin coci, da shekara 66 a gidan aure tare da mace ɗaya. Bai taɓa tsayawa takara ba, amma babu wata gwamnatin Afirka ta Kudu da ta tsira daga kaifin harshensa, ta farar fata tsiraru ce ko ta abokansa na gwagwarmaya.

Ƙuruciya da hanyar zuwa coci

An haife shi ranar 7 ga Oktoba, 1931 a garin Klerksdorp. Mahaifinsa malamin makaranta ne, mahaifiyarsa kuwa aikatau take yi. Ya yi fama da shan-inna yana ƙarami, daga baya tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti sama da shekara guda. A wannan jinya ne wani Bature limamin coci, Trevor Huddleston, ya riƙa zuwa duba shi, kuma shaƙuwar da ta shiga tsakaninsu ta yi tasiri a kansa har ƙarshen rayuwa.

Burinsa shi ne ya zama likita, sai rashin kuɗin makaranta ya sa ya bi sawun mahaifinsa. Koyarwar ma ba ta ɗore ba. Dokar ilimin baƙar fata ta 1953 ta tsara wa 'ya'yan baƙaƙe karatu mai rauni da gangan, don kada su wuce matsayin leburori. Tutu ya ajiye alli, ya shiga makarantar horar da limaman coci, aka naɗa shi dikon a 1960, sannan cikakken limami a 1961. Ya ƙaro karatu a King's College da ke Landan daga 1962 zuwa 1966.

Maigida

Ya auri Nomalizo Leah Shenxane ranar 2 ga Yuli, 1955, suka haifi 'ya'ya huɗu: Trevor, Thandeka, Naomi da Mpho. Babban ɗan ya ci sunan Huddleston ne. Leah, wadda ita ma malamar makaranta ce, ta yi fice wajen kare haƙƙin masu aikatau a gidajen Turawa.

A 1975 Tutu ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci majami'ar St Mary da ke Johannesburg. Gidan da aka tanadar wa mai wannan muƙami yana unguwar Turawa ne, kuma doka ta ce sai baƙar fata ya nemi izini na musamman kafin ya zauna a ciki. Iyalin suka zaɓi zama a Soweto, a titin Vilakazi, inda gidan Nelson Mandela yake. A 2015 ma'auratan suka sabunta alƙawarin aurensu a coci, domin cika shekara 60 tare.

Karo da wariyar launin fata

A watan Mayun 1976 ya rubuta wa Firaminista John Vorster wasiƙa, yana gargaɗin cewa jini zai zuba muddin ba a sauya hanya ba. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. Ranar 16 ga Yuni 'yan sanda suka buɗe wa ɗaliban Soweto wuta.

Daga 1978 ya riƙe muƙamin babban sakataren Majalisar Coci-cocin Afirka ta Kudu, a lokacin da Mandela ke kurkuku, sauran shugabannin ANC kuma suna gudun hijira. Makaminsa shi ne kiran ƙasashen duniya su ƙaƙaba wa gwamnatin takunkumin tattalin arziki, abin da ya sa aka ƙwace fasfonsa fiye da sau ɗaya. Ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1984, ya zama Akbishop na Cape Town a 1986.

Bai yarda da zalunci ba ko da daga nasa ɓangaren ya fito. A Yulin 1985, a wajen wata jana'iza a Duduza, ya kutsa cikin fusatattun matasa ya ƙwaci wani mutum da suke shirin ƙonawa bisa zargin yana kai wa 'yan sanda rahoto. Da aka saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, a gidan Tutu ya kwana a darensa na farko. Shi kansa Tutu bai taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai a Afrilun 1994, yana da shekara 62.

Hukumar Gaskiya da Sulhu

A 1995 Mandela ya aike shi Najeriya domin ya roƙi Janar Sani Abacha ya saki Moshood Abiola, amma haƙa ba ta cim ma ruwa ba. A wannan shekara kuma aka ɗora shi a kan Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta fara zama a Afrilun 1996. Sharaɗinta shi ne duk wanda ya aikata ta'asa da manufar siyasa zai iya samun afuwa idan ya fayyace gaskiya duka. Ta karɓi bayanan mutum sama da 21,000. Fiye da 7,000 sun nemi afuwa, 849 suka samu. A kwanakin farko an ga Tutu ya kifa kai a kan tebur yana kuka.

Aikin bai tsira daga suka ba. Iyalan wasu da aka kashe, ciki har da na Steve Biko, sun ƙalubalanci afuwar a kotu, suna ganin an sayar da adalci an sayi zaman lafiya. ANC ma ta garzaya kotu a Oktoban 1998 don hana fitar da rahoton, saboda ya ambaci laifukan 'ya'yanta. Ba ta yi nasara ba. Kwamitin Oputa da Najeriya ta kafa a 1999 ya ɗauki darasi daga wannan hukuma.

Shekarun ƙarshe

An gano yana da cutar kansa a 1997, amma bai yi shiru ba. Ya soki Robert Mugabe, ya kwatanta halin da Falasɗinawa ke ciki da wariyar da ya sani a gida. A 2011 ya yi kaca-kaca da gwamnatin Jacob Zuma saboda jan ƙafar da ta yi wajen bai wa Dalai Lama biza. A 2012 ya ƙi hawa dandamali ɗaya da Tony Blair saboda yaƙin Iraƙi, a 2013 kuma ya ce ba zai sake zaɓen ANC ba.

Wannan 'yanci yana da tushe. Tun a 1990 ya goyi bayan hana limaman cocinsa shiga jam'iyyun siyasa, yana ganin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

An yi jana'izarsa ranar 1 ga Janairu, 2022 a majami'ar St George da ke Cape Town. Bisa wasiyyarsa, a akwatin katako mafi araha aka saka gawar.