Kaskon Wuta: Tarihin Ɗumama Ɗaki a Sakkwato

Sakkwato ta yi suna da zafi, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan sauko daga Sahara da hazo da sanyin asuba mai tsaga leɓe. A wannan lokaci, a Unguwar Rogo da sauran unguwannin birni, kaskon wuta ne ke riƙe da gida. Akan zuba masa garwashin da ya rage a murhu bayan tuwon dare, a lulluɓe shi da toka don ya daɗe, a kai shi ɗakin tsofaffi ko na yara.

Turawa sun bi wata hanya dabam. A wajejen 1855 Franz San Galli ya ƙera abin ɗumama ɗaki na ƙarfe a birnin Saint Petersburg na Rasha, inda ruwan zafi ke zagayawa cikin bututu yana sakin ɗumi. Na'urar ba ta samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, don sanyin 'yan watanni bai kai a yi masa wannan ɗawainiya ba.

Magina ne suka fara magance matsalar. Bangon tubali mai kauri da rufin azara kan sha rana yini guda, da dare su riƙa sakin zafin a hankali. Sai gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashinsa. A zuba garwashi a ramin, a shimfiɗa tabarma a sama, mai kwanciya ya kwana da ɗumi har asuba. Irin wannan dabara ce mutanen arewacin Sin da Koriya suka daɗe suna amfani da ita, kuma abin alfahari ne a ce maginan Hausa sun isa gare ta da laka da hannunsu.

Maijego ta fi kowa sanin gadon nan, tare da wankan jego da kunun kanwa, har kwana 40. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya suka danganta waɗannan al'adu da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki.

Da bulo da kwano suka maye gurbin laka, gadon ƙasa ya ja baya, ɗakuna suka koma tanda da rana, ƙanƙara da dare. Hitar lantarki ta shigo, sai dai wutar ba ta da tabbas. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya, murhun gawayi na ƙarfe da ake kira Abaca ya bazu, ya kuma shiga ɗaki yana aikin kasko.

A nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, marar wari, marar launi, wadda kan ɗauke mai barci bai farka ba. Ɗakin siminti mai tagar gilashi ya fi tsohon soro riƙe ta. Don haka jama'a, a ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a bar taga a ɗan buɗe, a fitar da kasko tsakar gida kafin a kwanta.